Ranar da Injiniya Ya Kulle Tankinsa

Mutumin nan da ake kira Injiniya, gara ku sani tun yanzu, bai taɓa kwance ko noti ɗaya a jikin inji ba. Labule yake sayarwa. Sunan ma ba wani ne ya raɗa masa ba, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har mutanen layi suka gaji suka bar masa. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, yana kuma da ilimi guda ɗaya tak da yake taƙama da shi: wai idan allurar mai ta kwanta a kan E, jar wuta ta kama, to akwai sauran tafiyar kilomita tamanin cif a cikin tanki.

"Masu ƙera mota ne suka ɓoye shi saboda matsorata," haka yake faɗa kullum a kan bencin ƙofar shagon mai aski, ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ku da kun ga wuta ta kama sai cikinku ya ɗuri ruwa, ku ruga gidan mai. Ni kuwa a lokacin nake fara tuƙi."

Abin haushin kuma, shekara uku ke nan motar ba ta taɓa kunyata shi ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta san dalili, wato matarsa, Maman Auta.

Shekara uku baya, suna hanyar gidan yayarta, motar ta mutu musu a tsakiyar shataletale. Maman Auta ta fito da takalmi mai tsini ta yi ta turi, motoci na danna mata ham, shi kuma yana zaune a ciki yana leƙowa ta taga yana cewa ta ƙara ƙarfi. Da suka dawo gida ya ce laifin batir ne. Ba ta yi musu ba. Washegari ta sayo jarkar fetur da mazurari ta ɓoye a bayan keken ɗinkinta. Tun daga ranar, duk sanda ta leƙa ta ga allura ta kwanta, sai ta jira ya shiga wankan safe, don mutum ne mai daɗewa a banɗaki yana waƙa, ta lallaɓa ta zuba lita uku. Uku fa, ba huɗu ba. Ta taɓa gwada huɗu, allura ta ɗan ɗaga kai, ya yi sati yana ba da labarin motarsa ta fara haihuwar mai da kanta.

Ita a ganinta zaman lafiya take saye. Ba ta tura mota, shi kuma yana farin ciki, wa aka cuta?

To ana cikin haka sai ga takarda ta zo wa Auta, ƙaramar 'yarsu. Shekara biyu yarinyar nan tana zaune a gida da shaidar karatun haɗa magunguna, tana aika takardun neman aiki ko kallonsu ba a yi. Yanzu wani asibiti a can ɗaya gefen gari ya kira ta intabiyu ranar Laraba ƙarfe goma, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda ya makara ko da minti ɗaya ne kada ya wahalar da kansa. Maman Auta ta ɗinka mata farar riga, ta goge, ta sake gogewa. Kwana uku ba su da zance sai na Laraba.

Ranar Talata da yamma tana cikin ɗinki ta ji ƙarar walda a ƙofar gida. Ta fito ta tarar da mutanen layi sun kewaye motar. Mai walda, wani ƙato da ke da shago a bakin titi, ya tsuguna a gefen tanki yana liƙa wani ƙarfe a jikin murfin, Injiniya na tsaye a kansa yana ba da umarni.

"Baban Auta, lafiya? Me ya samu motar?"

"Gardama ce za ta ƙare gobe," in ji shi. "Wannan mai askin ne yake cewa wai a ɓoye nake zuwa in sha mai."

"Ni ban ce ba," in ji mai aski, wani siriri mai bakin tsiya wanda suka yi shekara goma suna wannan musun. "Cewa na yi kowa ya san akwai ɗan saura bayan wuta ta kama, amma tamanin ɗin nan, ko dai kana zubawa ko aljanu na zuba maka."

"To kin ji. Jiya wuta ta kama. Yanzu za a sa kwaɗo a gaban kowa, gobe in kai Auta asibiti in dawo, shi da mai walda suna ciki suna gani da idonsu."

Maman Auta ta dubi murfin tankin. Da ma gobe da safe ta shirya zuba lita ukun. Tana kallo aka rataya wani jibgegen kwaɗo irin na ƙofar shago, aka datse. Injiniya ya ɗaga makulli sama kowa ya gani, ya miƙa wa mai aski.

"Ka jefa shi a durowar shagonka ka kulle. Kada ma ka zo da shi, kada gobe wani ya ce mun buɗe a hanya."

A wajen cin abinci ta fara lallaɓa shi. Ta ce ko Auta ta hau motar haya, shi ya je ya yi gwajinsa da abokansa.

Ya ajiye cokali. "'Yata ta hau motar haya ranar intabiyu, ubanta na da mota? Me kike so a ce da ni a layin nan?"

"To a ɗaga gwajin zuwa jibi mana."

"In ɗaga su ce na tsorata? Maman Auta, ke tela ce. Na taɓa sa miki baki a yankan hannun riga?"

Maganar ta zo mata har leɓe. Ta dube shi, yadda yake ta washe baki yana lissafa wa Auta kilomitoci da yatsu, sai ta kasa. Tsoron rigima ne, da kunyar shekara uku tana yaudararsa, da kuma ɗan fatan da ta maƙale a zuciya cewa wataƙila dai sauran ya kai su. Asibitin ai bai wuce kilomita ashirin ba.

Da safe yana shiga wanka ta fita da allurar ɗinki, da tsinken gashi, da ƙaramin almakashi. Ta yi ta sakatar kwaɗon nan har almakashin ya karye, ko gezau. Da ta ji waƙar ta kusa ƙarewa, ta naɗe jarkar a tsohon zane ta cusa a but ɗin bayan motar, ta ɗora jakarta a kai. Me za ta yi da ita ga tanki a kulle, ita ma ba ta sani ba. Zuciyarta ce dai ta ƙi barinta a gida.

Sun shirya fita ƙarfe takwas. Amma mai aski na da kan wani rabi a aske, sai da ya gama. Mai walda ya ce ba ya shiga mota da yunwa. Da aka taru kuma Injiniya ya ce sai kowa ya ɗauki hoton allurar da wayarsa, sai an rubuta lambar mita a takarda, shaidu sun sa hannu. Auta na tsaye da fayil a ƙirji tana duba agogo. Sai tara saura kwata suka tashi, mai aski a gaba, Maman Auta da Auta a baya, mai walda ya cinye sauran kujerar har motar ta karkata.

A mahaɗar farko, maimakon ya miƙe ta cikin gari, sai ya karya kan mota hagu.

"Baba, ba nan ba ce hanya," in ji Auta.

"Ta bayan gari za mu bi. Ta fi tsawo da kilomita goma sha biyu, don kada wani ya ce gajeriyar hanya na zaɓa. Kwantar da hankalinki, babu cunkoso."

"Babu motocin haya ma," in ji Maman Auta.

"Me za mu yi da su?"

Ya ce a ɗage gilasai duka, wai iska na shan mai. Cikin minti biyar motar ta zama tanda. Farar rigar Auta ta fara mannewa a bayanta, mai walda na ta tsiyayar gumi yana gogewa da hula. A kowace gangara Injiniya ya kashe inji ya bar motar ta silale, yana yi wa mai aski bayanin hikimar abin. Suka wuce gidan mai na farko, ya ɗaga musu hannu. Suka wuce na biyu, ya danna ham.

Da suka hango na uku, wanda daga shi sai fili, Maman Auta ta dafa kujerarsa. "Don girman Allah, Baban Auta, ka tsaya nan. A fasa kwaɗon a zuba ko lita biyu ne. Ni zan ce ni na tilasta ka."

Ga mamakinta sai ya sa sigina ya shiga. Ta yi ajiyar zuciya. Wata ma'aikaciya ta taso ta ciro bututun mai. Injiniya ya sauke gilashi, ya zagaya famfon a hankali, ya ce mata, "Gaisuwa kawai muka shigo yi, 'yata, ba mu da buƙata." Ya fice yana dariya har da dukan sitiyari.

"Allah ya sa mu dawo a mota mu sake gaishe ta," in ji mai aski.

Ba su yi kilomita huɗu ba motar ta yi tari.

"Me ke nan?" in ji mai walda.

"Gyaran murya take. Yanzu za ta koma kan ajiyar."

Ta sake tari, ta fizga, ta fizga. Injiniya ya ce kowa ya karkata dama, wai ta nan bakin bututun yake. Suka karkata, mai walda ya danne Maman Auta da Auta a jikin ƙofa. Ya ce a'a, hagu. Suka koma hagu. Ya ce su rinƙa tsalle a zaune don man ya girgizo. Manyan mutane biyar suna ta sukuwa a kan kujera, mota na tafiyar da mai keke ya zo ya wuce su yana waiwaye. A gindin wani ɗan hawa, daidai ƙofar wata masana'antar bulo, ta yi wani dogon nishi ta yi shiru.

Tara da minti ashirin da biyar.

Leburorin bulo da direbobin tifa da ke hutawa a inuwa suka taso kallo. Injiniya ya fito da fara'arsa, ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon inji kamar yana jira ya gaishe shi.

"Batir ne," in ji shi.

"Batir ɗin da ke juya inji garau?" in ji wani direban tifa. "Malam, mai ne ya ƙare."

"Kai ka san mota ko ni? Akwai kilomita sittin da ɗoriya a cikin tankin nan." Ya ƙwanƙwasa batir da dutse, ya ja wata waya ta tsinke a hannunsa, ya yi maza ya cusa ta aljihu. Ya zare wani siririn bututu ya zuƙa da ƙarfi don ya nuna musu mai na zuwa. Iska ce ta zo, da ɗan tsatsa. Ya yi ta tofarwa.

Maman Auta ta dubi titin nan, babu motar haya ko ɗaya, sai manyan motoci na wucewa fuu. Ta dubi Auta, yarinyar ta ciji leɓe, idonta ya kawo ruwa amma ta ƙi bari ya zubo don kada kwalliya ta ɓaci. Nan tsoron rigima ya fita daga kanta. Ta buɗe but, ta warware zanen, ta dire jarka da mazurari a gaban mijinta.

"Ga ajiyar taka."

Ya dubi jarkar, ya dube ta. "Mene ne wannan?"

"Kilomita tamanin ɗinka ne. Lita uku duk sanda wuta ta kama, kana banɗaki kana waƙa. Shekara uku ke nan. Babu wani mai ƙera mota da ya ɓoye maka komai, ni ce."

Mai aski ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe ciki. "Ashe aljanin a gida yake kwana," yake faɗa yana share hawaye. Leburori suka tambayi labari, mai walda ya ba su a taƙaice, dariya ta kama har wani ya jefar da shebur.

Injiniya ya nuna jarkar da yatsa. "Wannan ai, wannan ai ta ɓata min lissafi ne. Man da take zubawa shi ke danne na ajiyar..."

"Ka yi bayanin a hanya," in ji ta. "A buɗe tanki."

Kowa ya juya ga mai aski. Mai aski ya daina dariya. "Yana durowa. Shi ya ce in bar shi."

Aka juya ga mai walda. Ya ɗaga kafaɗa. "Cewa ya yi in sa wanda ko ɓarawo ba ya iya fasawa. Har ƙarin kuɗi ya ba ni. Ni kuma ban zo da kayan aiki ba, kallo na zo."

Injiniya ya ce a ba shi minti biyu. Ya ɗauko sifanar taya ya ɗaga ya kai wa kwaɗon duka, ya kuskure, fitilar baya ta tarwatse. Ya sake, ya lotsa gefen motar. Wani lebura ya kawo guduma, Injiniya ya karɓe ya ce shi zai yi, aikin na masu ilimi ne, ya daki babban yatsansa. Yana tsalle da ƙafa ɗaya yana cewa ya tuna wata dabara, a ɗora jarkar a kan rufin mota a jawo bututu zuwa inji kai tsaye. Ya fizgi jarkar, murfin ya fice, mai ya kwarara a wandonsa da takalmansa, kusan rabi ya bi ƙasa.

Maman Auta ta ƙwace abarta. Tara da minti arba'in da biyar. A jikin katangar masana'antar ta hango babur a jingine.

"Na wane ne wancan?"

Wani lebura mai furfura ya ce nasa ne. "Amma babu mai, Mama. Da safe ya kai E, ni kuma ba na gardama da shi, turo shi na yi."

Ta buɗe tankin babur ɗin da hannunta, ta kafa mazurari ta juye sauran man tas. "Don Allah bawan Allah, asibitin da ke bayan gada, kafin goma. Abin da ya rage naka ne."

"Maman Auta, wannan man motata ne," in ji Injiniya. "Ki bari in gwada dabarar nan, minti biyu kawai."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta gyara wa Auta wuyan riga, ta ɗora ta a bayan babur, leburan ya tayar, suka tashi da ƙura.

Daga nan zama ya koma raha. Direbobin tifa suka ba su benci. Aka sa Injiniya a tsakiya ana ta yi masa tambayoyi, wani ya ce ko zai duba masa tifarsa ya gano inda aka ɓoye nasa man, wani ya tambayi Maman Auta ko tana da ƙanwa mai irin halinta. Shi kuma, da yake ba ya mutuwa da sauƙi, har ya fara farfaɗowa. Yana tsotsar yatsa yana bayyana cewa nauyin mai walda ne ya cinye kilomita hamsin, zafin rana ya ƙone goma. Maman Auta kaɗai ce ba ta dariya, wayarta na hannu tana juya ta.

Goma da kwata wayar ta yi ƙara. Cikin sauri ta danna, ashe ta buɗe lasifika, kowa ya ji.

"Mama." Muryar Auta a sanyaye. "Mun tarar da cunkoso a gada. Goma da minti bakwai muka iso. Mai gadi ya ce an rufe. Na roƙe shi, ya shiga ya tambayo, suka ce sai in an sake buɗe ɗauka, wataƙila baɗi. Mutum uku kawai suka zo, Mama. Gurbi biyu ne."

Babu wanda ya ƙara dariya. Leburori suka ɗauki shebur ɗinsu ɗaya bayan ɗaya suka koma aiki. Mai walda ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Maman Auta kuwa ba haushin mijinta kaɗai take ji ba. Ita ta yi kiwon ƙaryar nan da hannunta, lita uku-uku, har ta yi ƙiba ta cinye wa 'yarta aiki. Jiya a wajen cin abinci kalma biyar ce kawai za ta faɗa, ta haɗiye.

Injiniya ya yi gyaran murya. "Ai da ma asibitin nan, na ji ana cewa albashinsu ba wani..."

Ta ɗago ta dube shi. Ta ɗauki jakarta, ta ce wa Auta a waya ta tsaya a can bakin ƙofar asibitin, ga ta nan zuwa. Wani direban tifa da zai shiga gari ya ce zai rage musu hanya. Ta hau gaba, mai aski da mai walda suka bi ta ba tare da sun yi wa kowa sallama ba.

Injiniya ya biyo su da gudu-gudu, wando na warin fetur. "To ni fa? Ku ɗan tura mana mu sauke ta daga titi. Maman Auta, mutane na kallo."

"Su kalla," in ji ta. "Ni na gama turi, na gama zubi. Yarinyar nan kuma da ka dawo gida kai za ka tsaya a gabanta ka yi mata lissafin, ni ba zan tare maka ba."

Ta ja ƙofa ta rufe, tifa ta tashi. Ta madubin gefe ta hango shi ya koma wajen motar, ya sa kafaɗa a jikin ƙofar direba, hannu ɗaya a sitiyari, yana turawa shi kaɗai a gindin hawan nan. Motar ta matsa taku biyu, ta dawo baya uku.